Muryar Mawaƙi Ta Wace Ce? Rigimar AI A Amurka Da Indiya, Da Abin Da Ke Jiran Kannywood

Duk mai leƙa TikTok da YouTube kwanakin nan ya ci karo da irin waƙoƙin nan: ka ji muryar mawaƙin da ka sani sarai, har yadda yake jan numfashi, alhali shi bai taɓa shiga sitidiyo ya rera ta ba. Aikin ƙirƙirarriyar basira ne, wato AI. Muhawara kuwa ta yi zafi. Wasu na cewa ci gaba ne, wanda ya tsaya jayayya mota ta bar shi a tasha. Wasu na cewa sata ce da tsakar rana, a hana kawai a huta.

Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun bar inda gizo ke saƙar. Manhajar ta riga ta shigo, ba mai mayar da ita. Abin da ya rage tambayoyi uku ne: an nemi izinin mai muryar? An biya shi? An faɗa wa mai sauraro cewa na'ura ce ta rera? Duk shari'o'in da ake yi a duniya kan wannan batu, in ka tone su, a nan suke ƙarewa.

Yadda abin ke aiki ba wani siddabaru ba ne. Ana tara waƙoƙin mutum, a cire kiɗan a bar murya zalla, a ba manhaja ta yi ta bi har ta haddace kaurin muryar da karyarta da yadda yake furta kalmomi. Daga nan kowa zai iya rera abin da ya ga dama, a ɗora wannan murya a kai kamar an sa masa riga. Akwai kuma irin su Suno da Udio, waɗanda baitoci kawai za ka rubuta musu, su ba ka waƙa sukutum da kiɗanta cikin 'yan mintuna.

A Amurka abin ya fashe ne a watan Afrilun 2023, lokacin da wani mai ɓoye sunansa ya saki waƙar Heart on My Sleeve da muryoyin Drake da The Weeknd na bogi. Miliyoyin mutane sun saurara kafin kamfanin Universal ya sa a sauke ta daga Spotify da YouTube da sauransu. A shekarar ne kuma 'yan wasan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 118, daga Yuli zuwa Nuwamba, kuma AI na cikin manyan abubuwan da suka tayar da rigimar. Tsoron ƙananan 'yan wasa shi ne a ɗauki hoton jikinsu da na'ura a biya su kuɗin yini ɗaya, sannan a yi ta saka su a finafinai ba tare da an sake kiransu ba. Da aka sasanta, an rubuta cewa sai da yardar ɗan wasa, kuma sai an biya shi. A 2024 jihar Tennessee, inda birnin Nashville na mawaƙa yake, ta yi doka ta musamman da ke kare muryar mutum daga irin wannan kwaikwayo.

Ga wani abu da ya kamata ku lura da shi. A Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa uku, Universal da Sony da Warner, sun maka Suno da Udio a kotu, suna zarginsu da koyar da manhajojinsu da waƙoƙin da ba nasu ba. Kafin ƙarshen 2025 sai ga Universal ta sasanta da Udio, Warner kuma ta sasanta da Suno. Kun ga ke nan manya ba ƙin fasahar suke yi ba, kasonsu suke nema, kuma suna da lauyoyin da za su karɓo musu. Wanda ba shi da lauya fa?

Mu koma Indiya, tunda mu da finafinansu an daɗe ana tare. A Satumban 2023 Anil Kapoor ya samu umarnin babbar kotun Delhi da ya hana amfani da sunansa da fuskarsa da muryarsa ba da izininsa ba, har da ta hanyar AI. A 2024 mawaƙi Arijit Singh ya samu irin wannan kariya a babbar kotun Bombay, a kan masu manhajojin da ke kwaikwayon muryarsa. A Nuwamban 2023 kuwa an ɗauki fuskar Rashmika Mandanna aka manna a jikin wata mata daban, bidiyon ya zaga duniya kafin a gane na bogi ne, daga baya 'yan sandan Delhi suka kama wanda ake zargi.

Misalai biyu daga can sun ishe mu gane bambancin. A fim ɗin Lal Salaam na 2024, A.R. Rahman ya yi amfani da AI ya dawo da muryoyin mawaƙa biyu da suka rasu, Bamba Bakya da Shahul Hameed. Ya fito fili ya ce an nemi izinin iyalansu kuma an biya su. An yi ta surutu, amma ba wanda ya ce an yi masa kwace. Sai kuma Raanjhanaa na Dhanush da Sonam Kapoor, wanda ya fito a 2013. Waɗanda suka kalla sun san jarumin mutuwa yake yi a ƙarshe. A Agustan 2025 kamfanin da ke da fim ɗin ya sake sakin fassararsa ta Tamil, an sa AI ta canza ƙarshen, jarumin ya farfaɗo. Darakta Aanand L. Rai da shi kansa Dhanush suka fito suka ce ba da yawunsu aka yi ba. Fasaha iri ɗaya ce, ɗaya ya yi sallama kafin ya shiga, ɗayan ya haura katanga.

To ina wannan ya shafi Kannywood? Wallahi ya shafe ta fiye da yadda ake zato, saboda yadda sana'ar take tun asali. A finafinanmu fuska daban, murya daban. Jarumi da jaruma su ne a gaban kyamara suna mamin, amma mai rerawa yana can sitidiyo. Manyan mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker da Fati Nijar sun riga sun yi suna, suna da masoya, suna da biki da taro da za a gayyace su, na'ura kuma ba ta zuwa gidan biki. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne na ƙasa: yarinyar da ake kira ta yi amshi a sallame ta a ranar, yaron da ke buga kiɗa a kwamfuta, masu ɗora murya a fassarar finafinan Indiya. Ranar da furodusa ya gane zai iya samun muryar mace mai zaƙi kyauta a wayarsa, wa zai ƙara biya mata kuɗin adaidaita ta zo sitidiyo? Abin haushin ma, mai yiwuwa da muryar tata aka koyar da manhajar.

Mun fa taɓa ganin irin wannan. Lokacin da kasuwar CD ta mutu, masu tura finafinai a waya suka cika kasuwanni, furodusoshi da yawa sun karye suna jiran a zo a cece su. Sai da aka koma YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So kafin masana'antar ta sake numfasawa. Wancan karon kwafin fim aka sata. Wannan karon mutumin ne da kansa ake kwafa.

Sannan akwai maganar mamata. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Muryoyinsu suna nan birjik a intanet, sun ishi kowace manhaja ta koya. In gobe wani ya haɗa sabon barkwanci da muryar Ibro ya tara kuɗin talla a YouTube, ina rabon 'ya'yansa? In kuma ya sa masa maganar da da yana raye ba zai taɓa faɗa ba, wa zai tsaya masa?

A nan Arewa kuma batun ya wuce kuɗi, ya kai ga mutunci. Kun tuna a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ta yi da ClassiQ. Wannan bidiyon gaske ne, ita ta yi abinta. Yanzu ku ɗauka an yi wa wata jaruma irin abin da aka yi wa Rashmika. Kafin ta buɗe baki ta ce ba ni ba ce, an tura wa surukanta, an yi mata hukunci a majalisa da WhatsApp, aure ma na iya mutuwa. Haka in zaɓe ya matso: waƙar siyasa a nan ba wasa ba ce, kowa ya san tasirin irin su Rarara. Waƙar zagi ɗaya da muryar mawaƙin da bai san hawa ba bai san sauka ba ta isa ta jawo masa abin da zai daɗe yana jinya.

Ta ɓangaren doka, Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, wadda ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai a sani, haƙƙin mallaka waƙar da ka rubuta ko ka rera aka naɗa yake karewa. In an ƙirƙiri sabuwar waƙa da muryar da ta yi kama da taka, maganar ta zama mai sarƙaƙiya, shi ya sa ma Tennessee ta yi doka daban, 'yan Indiya kuma suka je kotu da hujjar cewa suna da fuska da murya mallakin mai su ne.

Masu goyon bayan AI fa suna da tasu gaskiyar. Yaro mai basira a Funtua ko Maraɗi wanda ba shi da kuɗin sitidiyo yanzu zai iya fitar da waƙarsa a ji. Ana iya goge tsofaffin kasakasan Shata su fito tas. Ana iya juya fim ɗin Hausa zuwa Larabci ko Faransanci a sayar a inda ba a taɓa kaiwa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar a ɗauki muryar wani a ɓoye.

Don haka shawararmu ga mawaƙa da jarumai: zamanin "ai mun yarda da juna" ya wuce. A rubuta a takarda cewa muryar nan ta wannan waƙa ce kaɗai, ba a yarda a koyar da manhaja da ita ba sai an sake zama. Mai amshi ita kaɗai ba za ta iya gindaya wa furodusa wannan sharaɗi ba, za a ce ta tafi a kira wata. Aikin ƙungiya ne, kuma nan ne MOPPAN da ƙungiyoyin mawaƙa ya kamata su nuna amfaninsu. Ali Nuhu ma, da yake shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya tun 2024, yana wurin da in ya yi maganar za a saurara.

Mu kuma masoya, namu aikin a hannunmu yake. In ka ga sabuwar waƙa ko bidiyon da ya ba ka mamaki, leƙa shafin mai shi tukuna kafin ka tura wa kowa. In kai ne mai haɗawa don nishaɗi, rubuta ɓaro-ɓaro cewa AI ce, kuma ka bar muryar wanda bai ba ka izini ba. Duk turawa ɗaya kuɗi ce a aljihun wani, sai ka duba ko aljihun mawaƙin da kake cewa kana so ne.

Allah ya kare mana jarumanmu da mawaƙanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.