Gyara Birki Kafin Ka Nemi Gudu

Wani saurayi ya bugo waya a shirina yana alfahari ya sa wa babur ɗinsa kwikshifta. Na'ura ce mai ɗauke wutar inji na ƙiftawar ido, ka ƙara giya ba kama kuloci, ba sassauta totur. Amfaninta a filin tsere yake, irin na MotoGP. To, ƙanena, ina filin tsere a Nima? Daga kasuwar Nima zuwa Maamobi, masu talla ne da 'yan makaranta da trotro. Na tambaye shi ko yana da hular kwano, ya yi shiru. Mun gaji da zuwa dubiya asibitin 37 bayan kowace Sallah. Kuɗin nan, sayi birki da taya da hula. Mahaifiyarka na jiran dawowarka.