Jirgin ƙasa Kano zuwa Maraɗi: mu faɗi bukatunmu tun yanzu



A watan Fabrairu na 2021 aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonta kilomita 284 ne. An tsara ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Shimfiɗa dogo daban, ɗaukar mutane daban. Daga 2014 zuwa 2016 an shimfiɗa wajen kilomita 140 tsakanin Yamai da Doso, amma jirgin fasinja bai kama aiki ba. Don haka wannan karo kada mu yi shiru. Ga shawara huɗu.

Ta ɗaya: jirgi ya bi ranakun kasuwa. Kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a. Ya iso da safe, ya koma da marece.

Ta biyu: a sa taragon kaya, mai buhu biyu na wake ya tafi tare da kayansa. Kuɗin tikiti kada ya kai na mota.

Ta uku: a rubuta lokacin tashi da kuɗin tikiti da Hausa, boko da ajami, kowa ya karanta da kansa.

Ta huɗu: a bar mashigar dabbobi duk inda dogo ya ratsa burtali. Jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota. Saniya ɗaya dukiyar gida ce.

Ku tattauna wannan a taron ƙungiyarku, ku gaya wa maigari ya kai gaba. Tun ran gini, tun ran zane.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.