Daga Allon Malam: Sakamakon Kudus, Ɗan Nima

A wannan wata za mu ajiye alli mu leƙa filin ƙwallo, domin gardamar da ake tafkawa a wuraren shan ataya na Nima da Maamobi, har zuwa kasuwar Agbogbloshie, ta biyo yara cikin aji. Gardamar kuwa ita ce: shin Mohammed Kudus gaba yake yi ko baya?

Mu malamai ba ma yanke wa yaro hukunci da jarrabawa ɗaya. Mukan jera sakamakonsa na shekara da shekaru, sa'an nan mu yi magana. To, bari mu yi wa ɗanmu haka.

An haifi Kudus a shekarar 2000, ya tashi a Nima, ya fara wasa a ƙungiyar Strong Tower, daga nan makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. A 2018 ya tafi Nordsjaelland ta ƙasar Denmak, a 2020 kuma Ajax ta Holan ta saye shi. Bai daɗe ba ya ji ciwo a gwiwa a wasansu da Liverpool, ya yi watanni yana jinya. Wani yaron da daga nan ya karaya.

Shi kuwa sai ya dawo da sabon ilimi. A da gwanin yanka ne kawai a tsakiyar fili, amma a kakar 2022/23, da aka tura shi gaba, ya ci wa Ajax ƙwallo 18. A Nuwambar 2022 ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a gasar cin kofin duniya ta Katar, Ghana ta yi nasara da ci 3 da 2. A nan mun ba shi maki mai kyau, domin ya mai da gwaninta ta zama amfani.

A West Ham ta Ingila, wadda ya koma a 2023, ya ci 8 a gasar Firimiya a shekararsa ta farko, amma ta biyu sai 5. A Oktoban 2024 kuma fushi ya kwashe shi a wasansu da Tottenham, aka ba shi jan kati, aka hana shi wasa biyar. Nan jan biro ya hau takardarsa. Haka kuma sau da yawa yakan riƙe ƙwallo alhali abokinsa na tsaye a sarari yana jira.

Sai dai a yi adalci. Daga Moyes zuwa Lopetegui zuwa Potter, masu horarwa uku ya yi wa wasa cikin ƙasa da shekara guda. Duk malami ya san abin da yawan canjin malamai ke yi wa ɗalibi. Tottenham ɗin da ya yi rigima da 'yan wasanta ita ce ta saye shi a 2025, a Oktoban shekarar kuma shi ya ci Komoros a nan Accra, Ghana ta sami gurbin gasar duniya ta 2026.

Hukuncinmu shi ne: ya ci jarrabawa, amma da sauran gyara wajen haƙuri da raba ƙwallo.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaranmu da ke gudun aji su wuni a filin Kawukudi, wai za su zama Kudus. Iyaye, ku gaya musu cewa a Right to Dream karatu da ƙwallo tare suke tafiya. Gwiwa ɗaya takan rufe kasuwar ɗan wasa cikin minti guda, ilimi kuwa ba ya targaɗe. A bar su su yi wasa, amma a riƙa duba littattafansu kowane dare.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.