Ba Kowane Ƙin Durƙusawa Ne Girman Kai Ba

Bahaushe ya tanadi kalmomi da dama domin mutumin da ke jin kansa, kowace kuwa da muhallinta. Alfahari shi ne daɗin da ke cika zuciyar uba ran da ɗansa ya sauke Alƙur'ani, ko na maƙeri sa'ad da garmar da ya ƙera ta yi damina goma ba ta karye ba. Taƙama a tafiya take da ɗaurin rawani, fahariya kuwa a baki. Ɗan dambe ya shiga fage ya yi ta kirari, ba mai ganin laifinsa, don an san yanzun nan za a gwada maganarsa a gaban jama'a. Amma girman kai shi aka yi wa laƙabi da rawanin tsiya, malamai kuma suka taƙaita ma'anarsa cikin abu biyu, watau ƙin karɓar gaskiya da rena mutane.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa wanda ake jifa da wannan kalma ba shi ne mai halin ba. Ƙaramin ma'aikaci ya ƙi sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, sai a ce yaron nan ya cika girman kai. Talaka ya gwammace ya kwana da ƙanzo da ya je maula ƙofar mai kuɗi, sai a ce ga tsiya ga ɗaga kai. In an bincika, mai faɗin ne ke jin haushi don an ƙi durƙusa masa. Abin da waɗannan bayin Allah ke karewa mutuncin kansu ne.

Tarihin ƙasar Gobir ya aje misalin da ya raba abubuwan nan biyu sarai. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yana cikinsu, a sa'an nan bai wuce shekara 35 da haihuwa ba, an ce kuma rabonsa zinariya ce har miskali 500. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su bukatar dukiyar Sarki. A maimakonta sai ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

A idon bafade, lalle wannan ɗanyen girman kai ne. Mayar wa sarki kyauta ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa, balle a bainar jama'a, balle kuma Bawa, wanda jin sunansa kaɗai kan sa maƙwabta su kwana cikin shiri. Amma a dubi abin da aka ƙi, a dubi abin da aka nema. Zinariyar nan aljihun mutum ɗaya za ta shiga, buƙatun kuwa ɗaurarre da manomi da almajiri ne suka ci moriyarsu. Mai girman kai in zai ɗaga kansa, wuyan na ƙasa da shi yake takawa. Wannan malami kuwa a gaban wanda ya fi shi ƙarfi ya tsaya, shi ne kuma ya yi asarar.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da Bawa ya nuna. Ga shi tsoho, ga mayaƙa, ga fadawa suna kallo, an mayar masa da hannunsa, amma bai ce a kama kowa ba, ya amince da buƙatun duka biyar. Haɗiye irin wannan ya fi cin gari wuya, kuma sarakunan da suka biyo bayansa ba su iya ba. Sarki Nafata ya soke sassaucin, ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza rawani, mata kuma lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya ƙara ƙaimi, har Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804.

Ba adalci ba ne a ɗora wa girman kai kaɗai abin da ya biyo baya, don kuwa akwai tsoro a ciki, tsoron sarki mai ganin jama'a na zamewa daga hannunsa, ko da yake tsoro da girman kai sun saba kwana ɗaki ɗaya. A cikin shekarar nan ta 1804 aka kori rundunar Yunfa a Tabkin Kwatto. A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, Yunfa ya mutu a cikinsa, shekara ashirin ke nan bayan taron Magami.