Wa Ya Sayar Musu da Ruwan Ɗorawa?

Masu iya magana kan ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mun daɗe muna raina batun launi, muna ganin sha'ani ne na masu fenti da marina, sai ga shi mun wayi gari kamfanoni sun raba launuka a tsakaninsu kamar gadon ubansu.

Duk wanda ya ratsa titunan biranen ƙasar nan tun daga 2001, shekarar da wayar salula ta shigo hannun jama'a, ya ga abin da muke nufi. Kamfanin MTN ya rungumi ruwan ɗorawa, Glo da ya fito a 2003 ya yafa kore, Airtel kuwa ya tsaya a kan ja. Daga lemar mai sayar da kati har bangon shago, launi ke fara yi wa mutum sallama kafin ya kai ga karanta suna.

Ba mu musun amfanin wannan dabara. Tsohuwar da ba ta yi boko ba takan gane ɗunƙulen Maggi da ja da ruwan ɗorawar takardarsa, ba sai an karanta mata ba. Alama ta yi aikinta ke nan. Inda muka ja daga shi ne inda aro ya rikiɗe ya zama mallaka.

Alal misali, a 1995 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Qualitex cewa launi shi kaɗai yana iya zama tambarin kasuwanci. A Ingila kuwa, Cadbury mai Bournvita da Nestlé mai Milo sun shafe shekaru suna shari'a a kan shunayyar da Cadbury ke naɗe cakulan da ita, har a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi amincewa da rajistar da ya nema. Jama'a, a dubi wannan lamari: manyan lauyoyi suna ta kai gwauro suna kai mari a kan launin da Allah Ya shimfiɗa wa furanni kyauta!

Ƙwacen da ya fi ci mana rai kuwa ba a kotu ake yin sa ba, a bakin 'ya'yanmu ne. Bahaushe ya raɗa wa launuka suna daga abin da ya gani ya taɓa: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Shuɗi kuma ya san shi daga baban da ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano. Kowane suna yana ɗauke da itace ko sana'a. Yau sai ka ji yarinya ta je wurin mai atamfa tana neman "kalar MTN". Ta yi wa kamfani talla ba lada, ta kuma binne ɗorawa ba jana'iza.

Bugu da ƙari, launi ba ya rantsuwa a kan nagarta. Layin da aka fara da sunan Econet a 2001 ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, kafin ya zama Airtel a 2010. Aka yi ta kankare alluna ana sake fenti, mai waya kuwa abin da ya dame shi ko kiransa zai shiga. Haka nan mai jabun kaya, launi yake fara sata, domin ya san ido ke ciniki kafin hankali ya iso kasuwa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da marubutanmu, musamman masu rubuta wa wannan mujalla: a kira kowane launi da sunansa na gado, a waƙa da zube da hira. Kamfani ya ci gaba da ado da abin da ya ara, amma ya tuna ɗorawa ta riga shi zuwa, kuma za ta yi fure bayan fentinsa ya koɗe.