Tsohon hard disk: a fasa shi kafin ya kai hannun 'yan jari bola

Goge fayil ba ya kawar da shi. Kwamfuta sunansa kawai take cirewa daga jeri, bayanan suna nan har sai an rubuta wasu a kansu. Shi ya sa manhajar kyauta irin Recuva ke iya dawo da hotuna da takardun banki. Memorin waya ma haka yake.

Hard disk ɗin da ya daina aiki ba ya goguwa, amma gwani na iya ciro abin da ke cikinsa. Gara a kwance shi, a huhhuda faifan ciki, memori kuma a farfasa shi. Batiri dai kada guduma ta taɓa shi, yana iya kamawa da wuta. Kuɗin ƙarfen bai kai darajar sirrin mutum ba.