Gansakukar Da Ta Ba Da Shaida A Birnin Benis

Akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida a makarantun sakandare, wai zane aikin wanda lissafi ya gagara ne. Labarin birnin Benis na ƙasar Italiya ya isa ya sa a sake tunani.

An gina Benis ne a kan tsibirai fiye da 100, cikin wani tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da teku. Gidajensa suna tsaye bisa turakun itace da aka kafa cikin laka, magudanan ruwa su ne tituna, jiragen ruwa su ne abin hawa. Mai zanen nan Kanaleto, wanda ya rayu daga 1697 zuwa 1768, ya yi suna wajen zana birnin. Yakan yi amfani da wani akwati mai gilashi da ke jefo surar gini a kan takarda, don haka awonsa bai cika kuskure ba. Hatta koren layin gansakuka da ke gindin bango bai bari ba.

Gansakuka tana bukatar haske da danshi, saboda haka iyakarta ta sama tana nuna inda ruwa ya saba kaiwa idan teku ta cika. A 2003 masana biyu, Dariyo Kamufo da Jobanni Suturaro, suka gwada layin da ke zanen Kanaleto da na ɗan 'yar'uwarsa Beloto da wanda ke jikin gine-ginen a lokacin. Suka tarar ruwa ya hau da kimanin santimita 60. Teku ta ƙaru, ƙasa kuma ta nutsa, musamman tsakanin 1930 da 1970, lokacin da masana'antu ke zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ma'aunin ruwa na birnin bai fara aiki ba sai wajen 1872, zane ne ya cike giɓin da ke kafin nan. Irin wannan tarihi injiniyoyi ke bukata: ambaliyar 1966 ta kai santimita 194, kuma sai a 2020 aka fara ɗaga ƙofofin ƙarfe masu tare teku.

Kanaleto bai yi nufin bincike ba, abin da idonsa ya gani ya zana. Wannan ɗabi'a ita ce tushen kimiyya. Ya kamata malamai su riƙa fita da ɗalibai bakin gulbi ko kududdufi, su zana abin da ke gabansu, su sa kwanan wata. Wata rana takardar za ta zama hujja.